Zuciya Mai Kauri: Abin Da Ke Biyo Baya In An Tsallake Bugun Zuciya

Kamar yadda muka saba, ga rubutun shirin nan ga waɗanda data ba ta ishe su saurare ba, da waɗanda dama karatun suka fi so.

Yau maganar zuciya za mu yi. Ba wadda ake karyawa a soyayya ba, wannan kun fi ni saninta. Ta naman nake nufi, wadda ke cikin ƙirjinka tana aiki yanzu haka. Kuma da labarin kawuna zan fara, don shi ya jawo na shiga tonon wannan magana.

Kawun nawa ƙanin mahaifiyata ne, ɗan kasuwa, mai sayar da yadi. Shekararsa 54 lokacin da abin ya faru. Wata rana bayan sallar asuba ya ji kamar an ɗora masa buhun siminti a ƙirji, gumi na karyo masa, hannun hagu ya yi nauyi. Me ya ce? Wai olsa ce ta tashi. Ya sha maganin olsa, ya koma ya kwanta. Sai da aka yi azahar, da matarsa ta ga numfashinsa ya canja, sannan aka ɗauke shi zuwa asibiti. Can aka ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ce ta toshe. Allah ya yi da sauran kwana, ya tashi.

Kafin a sallame shi aka yi masa hoton zuciya, wanda ake ce wa eko, irin na'urar nan da ake duba masu juna biyu da ita, sai dai a ƙirji ake ɗora ta. Ina tsaye a wurin. Likitan ya daɗe yana kallon allo, sannan ya ce, "Alhaji, tun yaushe kake da hawan jini?"

Kawu ya ce, "Ni? Ai ba ni da shi, likita. An taɓa ce min ya ɗan hau, na sha magani wata guda, ya sauka."

Likitan ya juyo mana da allon, ya nuna wani wuri da bakin biro. Ya ce, "Alhaji, wannan bangon zuciyarka ne. Bai kamata ya wuce milimita 10 ko 11 ba. Naka 14 ne. Wannan ba aikin wata guda ba ne, ba kuma na shekara guda ba."

A takardar da aka ba mu akwai wata lamba, kashi 52 cikin 100, wai ƙarfin harba jini. Muka tambaya, aka ce wannan ba laifi. Duk muka yi hamdala, muka riƙe 52 ɗin nan muna ta gaya wa 'yan dubiya. Shi kuwa likitan, 14 ɗin ce ta tsaya masa a rai. Na daɗe kafin na gane dalilinsa, kuma dalilin nan nake so mu warware yau.

Amma bari mu daidaita kalmomi tukuna, don Hausarmu ta haɗa abubuwa da yawa a suna ɗaya. A labarai za ka ji an ce wane ya rasu sakamakon bugun zuciya, alhali duk mai rai zuciyarsa bugawa take yi, kusan sau 100,000 a kowace rana. To in na ce bugun zuciya a shirin nan, ga abin da nake nufi. Zuciya tsoka ce, ita ma sai da jini take rayuwa, kuma tana da nata jijiyoyin da suka kewaye ta suna ciyar da ita. Idan kitse ya taru a bangon ɗaya daga cikinsu, wata rana ya fashe, jini ya yi guda a wurin ya toshe hanya, naman da ke gaban toshewar sai ya fara mutuwa. Wannan daban yake da tsayawar zuciya, inda mutum zai yanke jiki ya faɗi saboda lantarkin da ke tafiyar da zuciyar ya rikice. Na farkon yana iya jawo na biyun, amma ba abu ɗaya ba ne.

Yauwa. Sai maganar kauri.

Zuciya ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama, biyu ƙasa. Wanda ya fi shan wahala shi ne na ƙasa ta hagu, don shi ke tura jini ko'ina a jiki, daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Kana zaune ba ka komai ma, kimanin lita 5 yake turawa a minti ɗaya. Bangonsa a babban mutum mai lafiya bai cika wuce santimita ɗaya ba. Idan ya yi kauri, nauyin naman ya ƙaru, shi ne likitoci ke taƙaitawa da haruffa uku, LVH. Ku riƙe haruffan nan, don su za ku gani a takardar asibiti.

Me ke kawo shi? Aiki fiye da ƙima. Ka dubi damtsen mai faskare ko na maƙeri, ai aiki ne ya gina shi. Babban abin da ke ɗora wa zuciya irin wannan aiki shi ne hawan jini. Kullum tana tura jini cikin jijiyoyin da matsi ya yi wa yawa, kamar mai tura kurar ruwa a hawa, kuma ita ba ta da ranar hutu. Akwai sauran dalilai, kamar ƙuntatar ƙofar da jini ke fita ta cikinta daga zuciya, ciwon ƙoda, ƙiba da ciwon suga. Akwai kuma wanda galibi gadonsa ake yi, ba ruwansa da hawan jini. Masu kallon ƙwallo da suka ɗan manyanta za su tuna Marc-Vivien Foé, ɗan wasan tsakiya na Kamaru, da ya faɗi a fili a birnin Lyon na Faransa a watan Yunin 2003, ana tsaka da wasansu da Kolombiya. Shekararsa 28. Binciken da aka yi bayan rasuwarsa ya nuna irin wannan kaurin ne da shi. Wannan nau'in shiri guda yake buƙata. Yau dai na hawan jini muka sa a gaba, don shi ya fi yawa a gidajenmu.

Na san wani zai ce, to ai kauri ƙarfi ne, ina matsalar? Ni ma haka na ce a raina a ɗakin ekon nan.

Ga inda gizo ke saƙar. Ƙwayoyin naman zuciya ba sa hayayyafa in mutum ya girma, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Saboda haka in aiki ya yi yawa, ba ƙaruwa suke yi ba, kowace ɗaya ƙiba take yi. Su kuma ƙananan jijiyoyin da suka fi gashi siranta, waɗanda ke ratsa tsakaninsu suna kai musu iskar oksijin, ba sa ƙaruwa daidai da girman naman. Kun san unguwar da aka sa wa taransfoma ɗaya tun tana gida hamsin, yanzu ta kai gida ɗari uku, taransfomar tana nan yadda take? Wuta na zuwa, amma 'yan ƙarshen layi fankarsu da ƙyar take juyawa. To zuciya ma tana da 'yan ƙarshen layi. Manyan jijiyoyinta a bayanta suke kwance, rassansu ne ke hudawa zuwa ciki. Naman da ke can ciki, daf da ɗakin jinin, shi ne na ƙarshen samu. Bango na ƙara kauri, tafiyar na ƙara nisa, bakunan da za a ciyar na ƙara yawa.

Sannan ga wani abu da ya ba ni mamaki da na fara jin sa. Ɓangaren hagu na zuciya yawancin jinin da yake ci lokacin da ya saki jiki yake samunsa, wato tsakanin bugu da bugu. In ya matse, har da jijiyoyinsa yake matsewa. Ita kuwa zuciya mai kauri, sakin jikin ne ke mata wuya, domin banda ƙibar ƙwayoyin, wani zare-zare mai tauri irin na tabo yana shiga tsakaninsu, sai bangon ya zama kamar fatar da ta sha rana ta ƙandare. Nan ne bambancinta da zuciyar ɗan wasa mai atisaye. Tasa ma takan ɗan yi kauri, amma tana sakin jiki da kyau, tana samun hutu, kuma in ya ajiye atisayen takan koma yadda take.

Likitoci sun daɗe da sanin cewa wannan kauri ba abin wasa ba ne. A garin Framingham da ke jihar Massachusetts a Amurka, tun 1948 ake bin lafiyar zuciyar mutanen garin, har 'ya'yansu da jikokinsu. A 1990 Daniel Levy da abokan aikinsa suka fitar da sakamakon eko na mutum sama da 3,000 masu shekara 40 zuwa sama, waɗanda aka bi tsawon shekara 4. Suka ga iya nauyin naman zuciyar mutum, iya haɗarin da yake ciki na ciwon zuciya da mutuwa, ko da an cire tasirin shekaru, awon jini, shan taba, suga da kitsen jini. Ka ga ke nan kaurin ba shaidar hawan jini kawai ba ne, shi kansa yana ɗauke da nasa haɗarin.

To yanzu mu ɗauki wannan zuciya, mai bango mai kauri da 'yan ƙarshen layi masu jin yunwa, mu ce yau jijiya ta toshe. Me zai faru?

A 1977 wasu masana biyu a Amurka, Keith Reimer da Robert Jennings, suka nuna a gwajin da suka yi da karnuka cewa naman ba lokaci ɗaya yake mutuwa ba. Daga ciki mutuwar ke farawa, bayan kamar minti 20 zuwa 40 da toshewa, sannan ta riƙa cin bangon tana fitowa waje cikin 'yan awoyi, kamar yadda gara ke cin azara daga ciki. Shi ya sa ake gaggawar buɗe jijiyar, don duk abin da mutuwar ba ta kai gare shi ba ana iya ceto shi. Kuma ka lura, inda take farawa shi ne daidai inda zuciya mai kauri ta fi rauni.

An gwada wannan a mutane. A ƙasar Denmak, wani bincike da aka wallafa a 2017 ya duba marasa lafiya sama da 700 da aka yi wa aikin gaggawa na buɗe jijiyar, sannan aka yi musu hoton MRI na zuciya. Kusan ɗaya cikin huɗu na da kaurin. Su ɗin naman da ya mutu a zuciyarsu ya fi yawa, wanda aka iya cetowa ya fi ƙaranci, kuma sun fi samun toshewar ƙananan jijiyoyi ko bayan an buɗe babbar. Waɗannan fa mutane ne da suka samu mafi kyawun aikin da ake da shi. Sai ka auna da kawuna, da ya kwanta da maganin olsa daga asuba har azahar.

Wannan ranar farko ke nan. Amma yawanci ba a nan labarin ke ƙarewa ba, kuma abin da mu dangi ba mu cika ganewa ba ke nan. Mu in an sallami mutum, an warke. Ita zuciyar kuwa sannan aikinta ya fara.

Naman da ya mutu ba ya dawowa. Cikin kamar mako 6 zuwa 8 jiki zai maye gurbinsa da tabo, shi kuma tabo ba ya matsewa, ba ya tura jini. Sauran naman da ya rage shi zai ɗauki aikin duka. Sai ya ƙara kauri, ko ɗakin ya fara buɗewa yana faɗaɗa a hankali, wata da watanni, har siffar zuciyar ta canja. Zuciyar da ta shiga wannan hali da lafiyarta tana da abin da za ta toshe giɓin da shi. Wadda ta riga ta yi kauri kuwa ta daɗe da cinye ajiyarta. Da nake yi wa kawu bayani da yaren kasuwa na ce masa, "Kawu, gobara ce ta ci shago biyu. Ɗaya mai shi ba a bin sa ko sisi, ɗayan kuwa dama bashi ya yi masa katutu. Wa zai fi saurin tashi?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Kai dai faɗi maganarka, ɗan nan."

Akwai wani babban bincike mai suna VALIANT da aka yi a kan mutanen da suka yi bugun zuciya. A wani sashe nasa da aka wallafa a 2008, an yi wa mutum 603 eko 'yan kwanaki bayan ciwon, aka bi su kimanin shekara 2, ana ƙirga mutuwa, sake bugun zuciya, gazawar zuciya, shanyewar ɓarin jiki da tsayawar zuciya. Aka raba su bisa siffar zuciyarsu. Waɗanda naman ya yi nauyi ɗakin kuma ya faɗaɗa, haɗarinsu ya kai kusan ninki uku na masu zuciya daidai. Waɗanda naman ya yi nauyi kuma bangon ya yi kauri ta ciki ya ci ɗakin, irin siffar da hawan jini ya fi kawowa, nasu ya kai kusan ninki biyar.

Kada wannan lamba ta firgita kowa fiye da ƙima. Mutanen da aka sa a binciken dama masu ciwo mai tsanani ne, waɗanda zuciyarsu ta riga ta nuna rauni. Kuma ninki biyar magana ce ta rukunin mutane, ba hukunci ba ne a kan babanka ko mamarka. Ga shi kuma masu kaurin zuciya sukan fi tsufa, sukan fi samun suga da ciwon ƙoda. Masu binciken sun yi ƙoƙarin cire tasirin waɗannan a lissafi, amma ba a iya cirewa tas. Ni dai a nawa ganin, ko ta wace fuska aka duba, darasin da likita zai ɗauka ɗaya ne: wannan mara lafiya sai an ƙara sa masa ido.

Mu dawo kan 52 ɗin nan da muka yi ta murna da ita. Lambar tana nufin kashi nawa na jinin da ke cikin ɗakin zuciya ke fita a bugu ɗaya. Daga 50 zuwa 70 ana ɗaukarsa daidai. Amma kashi ne fa, ba adadi ba. Bari mu yi ɗan lissafi na misali. Ɗakin da ke ɗaukar mililita 120, in ya fitar da kashi 60, ya fitar da 72. Ɗakin da bango ya cinye, yana ɗaukar 80 kawai, in ya fitar da kashi 60 ɗin, 48 ya fitar. A takarda dukkansu 60 ne, amma jiki ya san bambancin. Kuma tunda bangon ya ƙandare, sai da matsi mai yawa ɗakin ke cika. Matsin sai ya koma baya, zuwa ɗakin sama, daga can zuwa huhu. Sai ruwa ya fara taruwa.

Shi ne za ka ga mutum yana haki daga hawa bene hawa ɗaya. Ba ya iya kwanciya sai ya tara matashi biyu ko uku. Ya farka tsakar dare yana neman iska, ya buɗe taga. Ƙafa ta kumbura, takalmin jiya ya ƙi shiga. A gida sai a ce asma ce, ko sanyi ne ya kama shi, ko tsufa. Sunan abin gazawar zuciya, kuma ana iya samunta alhali lambar harba jini tana nan da kyau. Wannan shi ne abin da likitan kawu yake hangowa lokacin da mu muke ta hamdala.

Sai kuma lantarki. Saƙon da ke sa zuciya bugawa ta cikin naman yake bi. In ya tarar da tabo sai ya kewaya, in kuma ga zare-zaren tauri ko'ina, yana iya ɓata hanya ya riƙa zagaye wuri ɗaya, bugun ya rikice. Wani rikicin yana kashewa cikin mintoci, kuma haɗarinsa ya fi yawa a watan farko bayan ciwon. Wani kuma a ɗakin sama yake faruwa, wanda matsi ya buɗe shi. Nan jini kan yi guda, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye.

To akwai abin yi? Akwai, kuma nan ne labarin ya fi daɗi. Tabo dai ba ya gogewa. Amma kauri yana iya raguwa, in aka sauke wa zuciya kayan da ta ɗauka.

A 1992 binciken SAVE, wanda ya ƙunshi mutum 2,231 da zuciyarsu ta yi rauni bayan bugun zuciya, ya nuna maganin captopril ya rage mutuwa da kashi 19 cikin 100. Irin waɗannan magunguna, da 'yan uwansu kamar lisinopril, ramipril, losartan da valsartan, banda sauke jini suna rage canjin siffar da zuciya ke yi bayan ciwon. A 2002 kuma aka fitar da binciken LIFE, mutum 9,193 masu hawan jini da kaurin zuciya. An ba rabi losartan, rabi atenolol. Jinin ya sauka kusan daidai a ɓangarorin biyu, amma kaurin ya fi raguwa a masu shan losartan, kuma shanyewar ɓarin jiki ta yi ƙasa da kusan kashi 25 a cikinsu. Da aka ci gaba da nazarin bayanan, an ga waɗanda kaurinsu ya ragu sun fi samun sauƙin matsaloli. Sai dai a kula, LIFE a kan masu hawan jini aka yi shi, ba a kan waɗanda suka fito daga bugun zuciya ba. Kada wani ya je ya ce wa babansa ya ajiye wannan ya sayi wancan. Bayan bugun zuciya magunguna irin su bisoprolol da carvedilol suna da nasu aikin, musamman ga zuciyar da ta yi rauni. Haɗa su aikin likita ne, da gwajin ƙoda a kai a kai.

Me ya sa na ga maganar ta shafe mu sosai? A 2012 an wallafa wani bincike, THESUS-HF, a kan mutum 1,006 da aka kwantar saboda gazawar zuciya a ƙasashen Afirka 9, har da Najeriya. Hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, kuma matsakaicin shekarunsu 52 ne. A Turai masu irin wannan ciwo galibi sun haura 70. Mu kuwa mutum yana tsakiyar neman abinci, yara suna makaranta. Kuma tunda hawan jini ba ya ciwo, sai a shekara goma ana yawo da shi. Ni abin da na fahimta shi ne, da yawa daga cikin iyayenmu ranar da jijiyarsu za ta toshe, zuciyar ta riga ta yi kauri tun tuni, kamar ta kawu.

Ku da kuke karanta wannan, yawancinku ku ne masu sayo wa iyaye magani, ku ne masu raka su asibiti. To in an yi eko, kada ku tsaya a kan lambar harba jini kaɗai. Ku tambayi likita kaurin bangon nawa ne, ɗakin ya faɗaɗa ko bai faɗaɗa ba, kuma yaushe za a sake dubawa. Gwajin ECG, wanda ake manna wayoyi a ƙirji, yana da amfani ƙwarai wajen gano bugun zuciya, amma kauri da yawa yana wuce shi bai gani ba. Wani lokacin ma yakan nuna alamar kauri ga saurayi siriri mai lafiya lau. Eko ne ke raba gardama.

Babban abin da ke kayar da mutanenmu kuwa shi ne ajiye magani. "Na ji sauƙi." "Kuɗi sun ƙare, sai ƙarshen wata." "An ce in ka saba da shi ba ka iya bari." Jinin da ya sauka saboda magani, in an ajiye maganin komawa yake yi, zuciya ta sake ɗaukar kurarta. Wanda aka sa wa ɗan bututun raga a jijiya kuwa, in ya ajiye maganin tsinka jini irin su aspirin da clopidogrel ba da izinin likita ba, bututun na iya toshewa farat ɗaya. In lisinopril ya kawo busasshen tari, wanda yakan faru, a koma wa likita ya canja shi, akwai madadinsa. In kuɗi ne matsalar, a faɗa masa gaskiya, shi ya san mai sauƙin kuɗi da zai yi aikin.

Gishiri kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 a rana, wato bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ba, kuma duka abincin yini ake nufi. A gidan kawu an daina barbaɗa gishiri a miya, amma aka ƙara dunƙule don ta yi daɗi. Dunƙulen nan kaso mai yawa na cikinsa gishiri ne. Kanwa ma tana da sinadarin da ake gudu a gishirin. Sai magungunan ciwon jiki irin diclofenac da ibuprofen, da ake haɗa wa mutane a kemis bayan an taso kasuwa. Suna ɗaga jini, suna riƙe ruwa a jiki, suna taɓa ƙoda, kuma ba a son su ga wanda ya taɓa yin bugun zuciya. Na tarar da su a aljihun kawu wata uku bayan an sallame shi. Ranar mun ɗan yi sama da faɗi, har ya ce yaran zamani ba su da kunya.

Bayan shekara ɗaya da rabi aka sake masa eko. Bangon ya dawo 13. Kawu ya dubi likitan ya ce, "Likita, duk wannan shan magani da cin lami, milimita ɗaya?" Likitan ya yi dariya, ya ce milimita ɗaya ma tana iya zama bambancin hannun mai awo. Abin da ya faranta masa rai shi ne ɗakin bai faɗaɗa ba, jinin yana 128 bisa 80, kuma kawu yana hawa benen shagonsa ba ya tsayawa a tsakiya.

Ranar ne likitan ya juyo kan babban ɗan kawu, wanda ya tuƙo mu, ya ce ya miƙo hannu. Shekararsa 29, yana buga ƙwallo duk ƙarshen mako. Aka samu 146 bisa 94. Daga 140 bisa 90 ake fara kiransa hawan jini, amma awo ɗaya ba ya isa, don haka aka ce ya dawo. Ya dawo sau biyu, bai sauka ba. An yi masa eko, bangonsa milimita 10 ne. Yanzu shi ma yana da katin asibiti, kuma shi da babansa na'urar awo ɗaya suke amfani da ita a gida.

A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu ɗauko wancan nau'in na gado da na ambata. Sai mun haɗu.